Amsa Laifi a Ƙurarren Lokaci: Darasi Daga Kotun Duniya

  

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa kotu, a Akra ko Kumasi ko Tamale, ya san abin da zan faɗa. Za ka tarar da tsohuwa zaune a benci tun sassafe, ta bar tukunyar koko da kaskon ƙosai a hannun maƙwabciya, tana jiran a kira sunan ɗanta. A kira shi, a karanta masa tuhuma, ya ce bai yi ba, a ɗaga shari'a. Wata ya fita wata ya shigo, jarin koko ya ƙare a kuɗin lauya da kuɗin mota. Sai ranar da aka jera shaidu, aka ɗora kayan da aka kama a kan tebur, yaro ya ga babu mafita, sannan ya sunkuyar da kai ya ce wa alƙali ya amsa laifinsa, a yi masa sassauci. Tsohuwa kuwa ta saki baki, domin shekara guda ke nan yana rantse mata da Allah cewa sharri aka yi masa.

To, 'yan'uwa, mece ce darajar wannan amsawa da ta zo bayan an rufe kowace ƙofa? Wannan ita ce tambayar da za mu duba a wannan fitowa, daga wajen kotun mutane da kuma wajen Ubangijin mutane.

ABIN DA KOTU KE SAYE

Bari mu fara da Ingila, saboda can ne aka rubuta lissafin a fili, kuma da yawa daga cikinmu suna da ɗan'uwa a Landan da sauran biranen ƙasar. A kotunan Ingila da yankin Wels akwai ƙa'idar rangwame ga wanda ya amsa laifi, wadda ta fara aiki a tsarinta na yanzu ranar 1 ga watan Yuni, 2017. Wanda ya amsa tun a zaman farko, ana rage masa kashi ɗaya cikin uku na hukuncinsa. Wanda ya bari zaman farko ya wuce, iyakar abin da zai samu kashi ɗaya cikin huɗu ne, kuma rangwamen yana ta raguwa yayin da ranar shari'a ke matsowa. Wanda ya jira sai ranar da za a fara sauraron shaidu, iyakarsa kashi ɗaya cikin goma. Idan kuwa an riga an fara, alƙali yana iya rage wannan ma har ya zama babu komai.

Mu buga lissafin da shekaru domin ya fito sosai. A ɗauka laifin mutum ya cancanci shekara 10, wato wata 120. In ya amsa a zaman farko, hukuncin ya koma wata 80, wato shekara 6 da wata 8. In ya amsa bayan nan kaɗan, wata 90. In ya jira ranar shari'a, wata 108, wato shekara 9 cif. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai shekara 2 da wata 4, alhali laifin ɗaya ne, mutumin ɗaya ne, kalmar da ya furta ma ɗaya ce. Lokacin furtawa kawai ya bambanta. A shari'ar kisan kai kuwa rangwamen ya fi ƙanƙanta: ba ya wuce kashi ɗaya cikin shida, ba ya kuma wuce shekara 5, kuma a ranar shari'a yana saukowa zuwa kashi ɗaya cikin ashirin.

Me ya sa suka yi haka? Su da kansu sun bayyana dalili. Amsawa da wuri tana rage wa wanda aka zalunta raɗaɗi, tana hutar da shi da shaidu daga tsayawa gaban kotu ana yi musu tambayoyi, tana kuma tsimin kuɗi da lokacin hukuma. Ku lura da kyau, babu nadama a cikin wannan lissafi. Nadama abu ne dabam da alƙali ke dubawa shi kaɗai. Wato ke nan abin da kotu ke saye da wannan rangwame shi ne lokaci da wahalar da aka ɗauke wa mutane. Wanda ya riga ya cinye lokacin, ya riga ya wahalar da mutanen, ba shi da sauran hajar da zai kai wannan kasuwa. Har ma wanda ya amsa laifi amma ya murɗa labarin yadda abin ya faru, idan alƙali ya saurari shaida ya ƙi yarda da labarinsa, a kan raba rangwamensa biyu.

A nan gida Gana kuma, a shekarar 2022 aka yi wa dokar shari'ar laifuka gyara, da doka mai lamba 1079, wadda ta ba mai gabatar da ƙara da wanda ake tuhuma damar su daidaita: ya amsa laifi, a rage masa tuhuma ko hukunci, bayan an sanar da wanda aka zalunta an ji ta bakinsa. Amma dokar ta cire manyan laifuka daga wannan dama, irin su kisan kai, fashi, fyaɗe, lalata ƙananan yara, satar mutane da cin amanar ƙasa. Tun kafin wannan, sashe na 35 na Dokar Kotuna ta 1993 ya ba wanda ya jawo wa ƙasa hasarar dukiya damar ya amsa laifi ya biya. Kowa ya ji shari'ar bankin Capital, wanda Babban Bankin Gana ya soke lasisinsa a watan Agusta na 2017. A watan Disamba na 2022, bayan shekaru ana shari'a, ana dab da yanke hukunci, wanda ya kafa bankin ya amsa laifi a ƙarƙashin wannan sashe, da alkawarin biyan sidi miliyan 90. Bai iya cika biyan ba, sai kotu ta yanke masa shekara 15 a watan Oktoba na 2023. Ba mu kawo wannan don cin naman kowa ba. Abin lura shi ne, amsawa da baki ba ta tsaya ita kaɗai ba, sai da aka nemi mayar da haƙƙi.

LOKACI A MA'AUNIN SHARI'A

Kada wani ya zaci wannan hikima daga Turai ta faro. Ku buɗe Suratul Ma'ida, aya ta 33 da ta 34. Allah Ya ambaci hukunci mai tsanani a kan 'yan fashi masu tare hanya, sa'annan nan take Ya keɓe waɗanda suka tuba tun kafin hukuma ta sami iko a kansu. Waɗanda suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makaranta za su tuna bayanin: ɗan fashin da ya zo da kansa yana mai tuba, haddin da yake haƙƙin Allah ne ya faɗi daga kansa, amma ana bin sa haƙƙin mutane na dukiya da na jini. Wanda ya zo da ƙafarsa akwai alamar gaskiya a tubansa. Wanda sai da ankwa ta shiga hannunsa ya ce ya tuba, alƙali ba shi da hanyar sanin ko tsoron Allah ne ko tsoron hukunci, don haka sai ya zartar da hukunci ya bar zuciya ga Mai ita.

Haka nan labarin Safwanu ɗan Umayya (R.A.) da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Ya kwanta a masallaci ya yi matashi da mayafinsa, ɓarawo ya zare, ya kama shi ya kai shi gaban Manzon Allah (S.A.W.). Da aka yanke hukunci sai tausayi ya kama Safwanu, ya ce ya bar masa mayafin sadaka. Annabi (S.A.W.) ya nuna masa cewa wannan yafiya kamata ya yi ta zo tun kafin a kawo maganar gabansa. Ashe har afuwa tana da lokacinta, balle amsa laifi.

Idan muka koma ga tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa, nan ma akwai wa'adi. Suratun Nisa'i, aya ta 17 da ta 18, ta bambance mai tuba da wuri da wanda ya ci gaba da saɓo har mutuwa ta tsaya a kansa sannan ya ce ya tuba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya sa iyakar a gargarar mutuwa. Fir'auna ya furta imani, amma a tsakiyar teku ruwa na cin sa, kamar yadda ya zo a Suratu Yunus, aya ta 90 zuwa ta 92, kuma bai amfane shi ba. Suratul Mulk ta ba mu labarin waɗanda suka fi kowa makara: 'yan wuta za su amsa laifinsu da bakinsu bayan an riga an jefa su, ranar da amsawa ba ta rage komai. Allah Ya tsare mu.

WA KE BIYAN KUƊIN JINKIRI?

Mai jinkirin amsa laifi yakan ɗauka da lokacinsa yake caca. Amma dubi ƙissar Annabi Yusufu (A.S.). Matar Azizu ta san gaskiya tun ranar farko. Ta faɗe ta daga baya a gaban sarki, kamar yadda aya ta 51 ta surar ta nuna, amma kafin nan bawan Allah mai tsarki ya yi shekaru a kurkuku. 'Yan'uwansa ma sun amsa kuskurensu, amma bayan mahaifinsu Annabi Yaƙubu (A.S.) ya yi baƙin ciki har ganinsa ya tafi. Allah Ya sa ƙarshen ƙissar ya yi kyau, sai dai shekarun da suka wuce ba su dawo ba.

Haka abin yake a unguwanninmu. Wanda aka sace wa babur yana rufe sana'arsa ya tafi kotu sau goma. Yarinyar da aka ci wa mutunci tana kwana da fargabar ranar da lauya zai tsayar da ita gaban jama'a ya mai da ita maƙaryaciya. Wani lokaci an kama samari uku a majalisar ataya, ɗaya ne ya yi, biyun suna tsare suna jiran shari'a saboda shi ya ƙi buɗe baki. Ga iyaye suna hawa mota zuwa Nsawam da ƙullin abinci. Duk waɗannan haƙƙoƙi ne sababbi da ake ɗorawa a kan na farko, kuma alƙalin duniya ba ya iya lissafa su duka.

Ga kuma abin da ya fi muni. Mai musun abin da ya aikata ba ya tsayawa a musu. Zai rantse wa uwarsa, zai rantse wa liman, zai dafa Alƙur'ani a kotu, zai nemo abokin da zai ce suna tare a daren. Rantsuwar ƙarya don cin haƙƙin wani da shaidar zur duka suna cikin manyan zunubai, kuma ya jawo abokinsa cikinsu. In ma lauyansa ya fi na ɗaya ɓangaren iya magana aka sallame shi, to ya tuna hadisin Ummu Salama (R.A.) da ke cikin Buhari da Muslim, inda Annabi (S.A.W.) ya yi gargaɗi cewa wanda ya ci shari'a da iya baki, aka ba shi haƙƙin ɗan'uwansa, yanki ne na wuta aka yanka masa. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, to ko bai ƙure a nan ba zai ƙure a can.

MISALIN KA'ABU ƊAN MALIK

A shekara ta 9 bayan Hijira aka yi yaƙin Tabuka. Ka'abu ɗan Malik (R.A.) bai fita ba, kuma ba shi da uzuri. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya dawo Madina, mutum tamanin da wani abu suka zo suna kawo uzuri suna rantsuwa, aka karɓi zahirinsu aka bar su da Allah. Ka'abu mawaƙi ne mai fasaha, ya san zai iya tsara maganar da za ta fitar da shi. Amma a zaman farko, da aka tambaye shi, ya ce ba shi da wani uzuri. Mutanen danginsa suka bi shi suna zarginsa, suna cewa me ya hana shi kawo uzuri kamar kowa, har ya kusa komawa ya janye maganarsa. Irin wannan shawara ce abokai ke ba yaro a yau: kada ka amsa, ba su da shaida.

Gaskiyar Ka'abu ba ta zo masa da sauƙi ba. Shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, kwana 50 babu mai yi musu magana a Madina. Bayan kwana 40 aka umarce su da su nisanci matansu. Sarkin Gassan ya aiko masa da takarda yana kiransa ya koma wajensu, ya jefa ta a wuta. Sa'annan Allah Ya saukar da karɓar tubansu a Suratut Tauba, aya ta 118, ana karanta ta har gobe a masallatanmu. Masu rantsuwar ƙarya kuwa, surar nan ce ta tona asirinsu. Sun tsira daga wahalar kwana 50, suka gaji abin da ya fi ta.

KADA KA AMSA ABIN DA BA KA YI BA

A nan dole in ja kunne, domin kada a fahimce ni a karkace. Duk abin da na faɗa a kan wanda ya san ya aikata ne. Rangwame yana da haɗarinsa: yaron da ya gaji da zaman jiran shari'a, ba shi da lauya, ba ya jin Turancin kotu sosai, yana iya amsa abin da bai yi ba domin a gama. Wannan ƙarya ce a kan kai, kuma tana barin mai laifin gaskiya yana yawo a gari. Sunan mutum kuma ya shiga littafin masu laifi, ya bi shi wajen neman aiki da neman biza. Ƙa'idar Ingila da muka ambata ta faɗa a fili cewa ba a yi ta don matsa wa kowa ya amsa laifi ba. Tsarin mulkin Gana na 1992, a sashe na 19, ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar ko shi ya amsa, sashe na 14 kuma ya wajabta kai wanda aka tsare gaban kotu cikin awa 48.

Musulunci ya fi kowa taka-tsantsan a nan. Kawo hujja yana kan mai da'awa, kuma iƙirarin da aka samu da duka ko tsoratarwa malamai ba su ɗauke shi hujja ba. Da Ma'izu (R.A.) ya zo yana iƙirari a kan kansa, Annabi (S.A.W.) ya yi ta kau da kai har sau huɗu, ya bincika ko yana da taɓin hankali, ko ya sha wani abu. Haka kuma zunubin da ke tsakaninka da Allah, wanda babu haƙƙin kowa a ciki, Shari'a ta fi son ka rufa wa kanka asiri ka tuba. Maganarmu a kan haƙƙin bayi ce: dukiyar wani, jinin wani, mutuncin wani, ko wani da ke tsare a madadinka.

WANDA YA RIGA YA MAKARA FA?

Wataƙila wannan mujalla ta isa hannun wanda ya riga ya yi wata da watanni yana musu. Ɗan'uwa, kada Shaiɗan ya ce maka an riga an gama. Kashi ɗaya cikin goma ya fi babu, kuma in amsawarka ta hutar da mutum ɗaya daga tsayawa ba da shaida, ko ta fitar da marar laifi ɗaya, ka rage wa kanka kaya. Sa'annan ka sani, kotun duniya tana rage shekaru ne da ma'auni, Allah kuwa in tuba ta cika sharuɗɗanta yana shafe laifin gaba ɗaya, har Ya musanya munana da kyawawa, kamar yadda aya ta 70 ta Suratul Furƙan ta yi bushara. Sharuɗɗan sanannu ne: barin laifin, nadama, ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙi ko neman yafiyar mai shi. Wannan ƙofa a buɗe take ko a cikin kurkuku. Sai dai kotun duniya tana ba ka takarda mai ɗauke da ranar zama, Mala'ikan mutuwa kuwa ba ya aiko da sammaci.

NASIHA

Na farko, ga wanda aka kama: ka gaya wa lauyanka gaskiya tun ranar farko, ka tambaye shi mene ne ainihin tuhumar, mene ne hukuncinta, kuma wace dama doka ta ba mai amsawa. In ba ka da hali, akwai hukumar gwamnati da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta. In ba ka jin Turanci sosai, ka nemi tafinta, kada ka amsa abin da ba ka fahimta ba.

Na biyu, ga iyaye: ku zauna da yaro ku kaɗai, ku ba shi amincin da zai iya faɗa muku gaskiya. Yara da yawa tsoron fushin uba da kukan uwa ne ke sa su fara ƙarya, daga nan sai su kasa dawowa.

Na uku, ga abokai: kada zumunci ya sa ku shaidar zur. Taimakon azzalumi a Musulunci shi ne hana shi zalunci.

Na huɗu, ga malamanmu da sarakunan zango: a inda doka ta yarda da sulhu da biyan diyya, a gaggauta tun magana ba ta yi nisa ba. A manyan laifuka kuwa, irin su fyaɗe da kisa, kada a matsa wa wanda aka zalunta ya yi shiru da sunan rufin asirin unguwa.

Na biyar, ga ni da kai da ba mu taɓa shiga kotu ba: kowannenmu yana da fayil a buɗe. Akwai bashin da muka yi shiru a kansa, akwai wanda muka ɓata wa suna. Hadisin Buhari ya umarce mu da mu nemi warwarewa daga wanda muka zalunta tun yau, kafin ranar da ba a biya da kuɗi sai da lada. Kafin ka kwanta yau, ka tuna mutum ɗaya da kake riƙe da haƙƙinsa, gobe ka same shi.

Ya Allah Ka ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kan kawunanmu, Ka sa mu tuba tun muna da lafiya da 'yanci. Ka fitar da waɗanda ke tsare bisa zalunci, Ka shiryi masu laifi, Ka sanyaya zukatan iyayenmu, Ka kare matasan zango daga abin da zai kai su gaban alƙali. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mini.